Idan dabba ta kuɓuce daga Gidan Zoo na Kano: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a bakin mazauna Zoo Road da unguwannin da ke kewaye da ita, da iyayen da ke kai yara kallon dabbobi lokacin sallah, da malaman makaranta masu jan ɗalibai zuwa yawon buɗe ido. Kowace amsa tana iya tsayawa da ƙafarta, amma wasu suna jingine da wasu, kuma an nuna inda ya kamata a leƙa.

Wai abin ya taɓa faruwa a Kano, ko dai zancen bakin titi ne?

Ya faru. A watan Oktoba na 2019, a daren wata Asabar, wani zaki ya kuɓuce wa ma'aikata a Gidan Zoo na Audu Bako lokacin da ake ƙoƙarin mayar da shi kejinsa, bayan an dawo da shi daga baje kolin aikin gona a jihar Nasarawa. Aka rufe gidan, jami'an tsaro suka kewaye shi, gari ya ɗauka. An kwashe kusan kwana biyu kafin a ce an shawo kansa.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne zakin bai taɓa fita daga harabar gidan ba. A kejin awaki aka same shi, ya yi wa awakin ɓarna ya ƙoshi, kuma ba a ji ya taɓa ɗan Adam ko ɗaya ba. A daidai wannan lokacin kuwa, a bakin mutane da wayoyinsu, zakin ya riga ya zaga rabin birni. Wannan tazara da ke tsakanin inda zakin yake da inda ake cewa yake, ita ce za a riƙa cin karo da ita a yawancin amsoshin da ke ƙasa.

Ta yaya dabbar da ke kulle take iya fita?

Da wuya a ce ƙarfi ta sa ta ɓalle ƙarfe. Galibi ƙofa ce. Kejin manyan dabbobi kashi biyu ne: filin da ƴan kallo ke ganinsu, da ɗakin ciki inda ake tura su idan za a yi shara ko a zuba nama. Tsakanin biyun akwai ƙofar da ake ja daga waje. Ranar da aka manta ba a sa sakata ba, ko mai aiki ya ɗauka dabbar tana ɗakin ciki alhali tana fili, ranar ce ake samun matsala. Lokaci na biyu mai hatsari shi ne na sauya wa dabba wuri, daga akwatin tafiya zuwa keji, kamar yadda ya faru a 2019.

Sai kuma abin da ba hannun mutum kai tsaye ba: tsatsa ta ci waya, iskar farkon damina ta kayar da reshe a kan shinge ya zama tsani, ruwa ya zaizaye gindin katanga. A watan Yunin 2015 ambaliya ta rushe gidan zoo na Tbilisi, babban birnin Jojiya, har aka ga dorina tana tafiya a kan titi, kuma bayan ƴan kwanaki wata damisa da ta ɓuya ta kashe mutum guda. Wannan shi ne mafi munin nau'in kuɓucewa, domin dabbobi da yawa ne ke fita a lokaci ɗaya, su kansu ma'aikatan kuma ta kansu suke yi.

Idan ta fita daga keji, shi ke nan ta shigo gari?

A'a. Keji daban, katangar gida daban. Gidan Zoo na Kano, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Bako, fili ne mai faɗi da manyan bishiyoyi da duhuwa, kuma dabbar da ta tashi a keji ba ta san ko'ina ba sai nan. Tana fita, tsoro ne ke fara kama ta. Sai ta nemi inuwa ko lungu ta laɓe, sau da yawa kusa da kejin da ta baro, inda ta saba jin warin kanta da na abincinta. Ƙarar Adaidaita Sahu da fitilun Zoo Road ba abin da ke jan zaki ba ne, korarsa suke yi.

Abin da ke tura irin wannan dabba ta haura katanga shi ne a matsa mata. Ihu, jifa, harbin iska, taron jama'a da ya toshe mata hanyar komawa. Shi ya sa amsar da ke magana kan mafarauta da ƴan kallo ta fi wannan muhimmanci.

Ina cikin gidan zoo da yarana aka ce dabba ta fita. Me zan yi?

Fara da tattara yaran. Ƙaramin a ɗauke shi a kafaɗa ko a goya shi, sauran a riƙe hannunsu. Sannan a nemi gini mafi kusa mai ƙofa: ofis, shago, masallaci, ko da banɗaki ne, a shiga a rufe. Mota ma mafaka ce idan an ɗaga gilashi. Idan ma'aikaci ya nuna hanya, a bi, ko da ta saɓa wa inda ka ajiye abin hawanka, domin shi ya san ɓangaren da dabbar take.

Kada a ruga bakin ƙofa. Duk wanda ya taɓa zuwa gidan zoo washegarin sallah ya san yadda ƙofar nan take cika ko da lafiya lau ake. A ce dubban mutane, yawancinsu yara da ƴanmata cikin kwalliya da dogayen takalma, sun nufo ta a guje lokaci ɗaya, to turmutsitsin zai yi ɓarnar da zakin ba zai yi ba. Wanda ya faɗi a irin wannan cunkoso ba ya samun tashi. Idan ka tsinci kanka cikin turereniya, ka ɗora hannuwanka a ƙirji don numfashi ya samu wuri, ka riƙa zamewa gefe sannu a hankali, kada ka sunkuya ɗaukar takalmi ko waya.

To idan na yi kiciɓis da zaki, ido da ido?

Hausawa na cewa in ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. A nan kam sa gudun ya zo, amma dole a ƙi. Zaki yana iya kai gudun kilomita 80 a awa a ɗan gajeren zango, namiji babba kuma nauyinsa ya kan kai kilo 150 zuwa sama da 200. Babu mai tsere masa, kuma gudun ne ma ke tayar masa da halin farauta: abin da ya juya baya ya ruga, nama ne a wurinsa.

Ka tsaya a tsaye, fuskarka na kallonsa. Kada ka durƙusa, kada ka kwanta. Ka ɗaga hannuwa, ko ka buɗe babbar riga ko mayafi don ka ƙara girma a idonsa, ka riƙa ja da baya taku ɗaya-ɗaya zuwa ƙofa ko mota. Idan kuna da yawa ku haɗu wuri guda, yara a tsakiya. Idan ya yi gurnani ya zaburo, sau da yawa barazana ce, ya kan ja birki kafin ya iso. Nan ne ake daka tsawa da babbar murya, ana tsaye. Faɗar wannan a rubuce ba wuya, aikata shi kuwa sai wanda Allah ya ba. Amma wanda ya taɓa jin maganar ya fi wanda bai taɓa ji ba damar tuna ta.

Abu ɗaya kuma: ka tabbata ba kai ne ka tare masa hanyar fita ba. Dabbar da aka ritsa a lungu ta fi wadda ke da wurin gudu hatsari nesa ba kusa ba.

Gidana yana kusa, wajen Gandun Albasa ko Sheka. Me ya kamata mu yi a gida?

A shigo da yara, a rufe ƙofar gida, a dakata da aike, musamman daga magariba zuwa wayewar gari, domin zaki da kura da dare suka fi yawo. Zaki ya kan kwashe mafi yawan yini a kwance. Masu fita sallar asuba su tafi tare, da tocila, ko su yi a gida ranar. Awaki da tumaki da ke kwana a ƙofar gida a shigar da su ciki, don su ne abin da dabba mai yunwa za ta fara nema, kamar yadda labarin 2019 ya nuna. Masu sayar da nama da masu tsire su kwashe kayansu da wuri. Almajirai da masu gadi da ke kwana a waje su ne suka fi kowa zama a fili, don haka wanda ke da zaure ya buɗe musu.

Kangwaye da gine-ginen da ba a gama ba da manyan kwalbatoci, nan ne maɓoya. Kada wani ya ce bari ya leƙa ya gani.

Me ya sa ba a harba mata allurar barci nan take a huta?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi cikin fushi, kuma finafinai ne suka ɓata mana lissafi. A fim ana harbi dabba ta zube. A zahiri maganin, irin su ketamin da zailazin da ake haɗawa, sai ya ratsa tsoka ya shiga jini, abin da ke ɗaukar minti biyar zuwa goma sha biyar, wani lokaci fiye. A cikin waɗannan mintuna dabbar tana kan ƙafarta, ta ji zafin allura, ta fusata, kuma tana iya yin tafiya mai nisa. Idan akwai taron mutane a kusa, harbin ya ƙara hatsari ke nan maimakon ya rage.

Ga kuma lissafin awo. Likitan dabbobi yana auna maganin ne da nauyin dabbar. Ya yi kaɗan, ba za ta kwanta ba, ko ta kwanta ta farka ana tsakiyar ɗaukarta. Ya yi yawa, numfashinta ya tsaya. Dabbar da ta firgita kuma jikinta na turje wa maganin, sai ka ga awon da zai kwantar da ita a keji bai yi mata komai ba a waje. Bindigar allurar ita ma ba ta cin dogon zango, dole mai harbi ya matso, ya samu cinya ko kafaɗa a fili ba ganye a tsakani. Da dare, cikin duhuwa, idan allurar ta shiga dabbar ta ɓace, an rasa inda za ta faɗi da lokacin da za ta tashi.

Saboda haka ne masu aikin suka fi son haƙuri: a killace wurin, a yi shiru, a sa nama ko akuya a cikin keji ko akwatin tarko, a jira yunwa ta yi aikinta. Mai kallo daga waje sai ya ga kamar ba a yin komai.

Me ya sa wani lokaci ake kashe dabbar?

Domin rai na mutum yana gaba. A watan Disamba na 2015 wani zaki ya fita daga gandun namun daji na Jos, jami'an tsaro suka harbe shi, mutane da yawa kuma suka yi ta sukar matakin. A ƙa'idar gidajen zoo a ko'ina, idan dabba mai hatsari ta haura katangar waje ko ta tunkari mutane, ana harbinta da harsashi, saboda dalilin jinkirin allura da aka bayyana a amsar da ta gabata. Abin takaicin shi ne sau da yawa taron ƴan kallo ne ke kai al'amari ga wannan matsayi. Da an watse, da an samu sararin jira.

Ba a kira mafarauta da ƴan tauri da masu wasa da kura su taimaka ba?

Mafarautanmu sun san sawu, sun san daji, kuma idan hukuma ta nemi wani daga cikinsu ya bi sawu a ƙarƙashin jagorancinta, wannan daidai ne. Abin da ba ya yiwuwa shi ne gayya: a fito da karnuka da gorori da adduna da kiɗan tauri a shiga neman zaki a tsakiyar unguwa. Farauta kora ce, a nan kuwa so ake dabbar ta zauna inda take. Karnuka za su tashe ta daga maɓoyarta su tura ta cikin gidajen mutane.

Gardi kuma kurarsa ya sani, wadda ya raina da hannunsa, ya sa mata takunkumi da sarƙa. Wannan bai ba shi iko a kan wata kurar ba, balle zaki. Maganar asiri da laya, kowa da abin da ya yarda da shi, amma kada a gwada shi a inda akwai ƴaƴan mutane.

Su kuwa masu zuwa ɗaukar bidiyo da masu hawa katanga don su ce sun gani da idonsu, su ne babban nauyin da ke kan jami'an tsaro a irin wannan rana. Ɗan sandan da ya kamata ya sa ido a kan duhuwa sai ya koma korar samari.

Zaki kaɗai ne abin tsoro?

Ko kusa. Wanda ya fi yawan kuɓucewa a gidajen zoo biri ne, saboda yana da hannu, yana hawa, yana kuma lura da yadda ake buɗe ƙofa. Bika babba yana da fiƙoƙi masu tsawo, kuma ya saba karɓar gyaɗa da biskit daga hannun mutane, don haka ba ya tsoron matsowa. Kada a zura masa ido, kada a yi masa dariya haƙora a waje, don a wurinsa wannan neman faɗa ne. Idan abin hannunka yake so, sakar masa.

Jimina mutane ke rainawa saboda tsuntsuwa ce, alhali tana gudun da ya kai kilomita 70 a awa, kuma gaba take shuri da ƙafa mai kaifin farce da ke iya farke ciki. A sa bishiya ko mota a tsakani. Kada ba ya nisa da ruwa, don haka idan shi ne ya fita, kududdufi da manyan magudanai ne abin kiyayewa, a hana yara wanka da kamun kifi. Kura matsoraciya ce a gaban babban mutum da rana, amma haƙoranta na fasa ƙashi, kuma yaro ƙarami ko mai barci a waje ba ta jin tsoronsa. Barewa da gada kuwa su ne ke cikin hatsari, ba mu ba: kora kaɗai tana iya kashe su don firgici, ban da masu wuƙa da ke ganin nama ya kawo kansa.

Idan dabba ta ciji mutum ko ta yakushe shi fa?

A tsayar da jini ta hanyar danna tsumma mai tsabta a kan raunin. Idan ba jini ne ke tsartuwa ba, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Cizon biri da na kura da na dangin kyanwa yana shigar da ƙwayoyin cuta can ciki, bakin ciwon ya rufe a sama alhali yana ruɓa a ƙasa. Likita zai duba batun allurar tetanus da ta ciwon haukan kare, wadda ba a jira sai alamu sun bayyana, domin idan suka bayyana magani ya ƙare. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan kusa a titin Zariya, ga kuma Asibitin Murtala a cikin gari. Kada a zuba toka ko man birki ko garin magani a kan raunin.

Idan maciji ne, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wa tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibiti.

An turo min saƙo a WhatsApp cewa zaki ya shigo unguwa. Ta yaya zan gane gaskiya ne?

Irin wannan ƙanzon kuregen ya girmi wayar hannu da shekara fiye da ɗari. A watan Nuwamba na 1874 jaridar New York Herald ta cika shafi guda da labarin cewa dabbobin gidan zoo na Central Park, babban lambun shaƙatawa na birnin Niyok a Amurka, sun ɓalle sun bazu cikin gari, sun kashe mutum 49 sun raunata wajen 200. Mutane suka kulle gidaje, wasu suka fito da bindigogi. A sakin layi na ƙarshe jaridar ta rubuta cewa duk labarin ƙirƙira ne, don a ja hankali kan raunin tsaron wurin. Kaɗan ne suka karanta har can.

Mu ma nan mun ga namu. A tsakiyar 2019 labari ya zaga duniya cewa goggon biri ya haɗiye kusan naira miliyan bakwai a Gidan Zoo na Kano, har sai da gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce babu ma irin wannan dabba a gidan. Labarin dabba yana da daɗin faɗa, shi ya sa yake gudu.

Don haka ka duba: saƙon ya faɗi rana da wuri takamaimai, ko kuwa "yanzu-yanzu" kawai ya ce? Hoton da ke ciki, motocin da gine-ginen na Kano ne? Muryar da ke cewa "wallahi ƙanin maƙwabcinmu ne ya gani" ba shaida ba ce. Ka kunna rediyo. Idan abin gaskiya ne, Rediyon Kano da Freedom da sauran tashoshi za su ɗauko shi daga bakin hukumar gidan zoo ko kakakin ƴan sanda cikin ɗan lokaci. Kafin nan ka tsare yaranka a gida, wannan ba ya cutar da kowa, amma kada ka tura saƙon gaba.

Ni na gan ta da idona. Wa zan kira?

Lambar gaggawa ta ƙasa 112, ko ofishin ƴan sanda mafi kusa, su kuma za su tuntuɓi hukumar kula da gidan zoo da namun daji ta jiha. Ka sanar da mai unguwa don ya hana mutane bin layin. Ka faɗi irin dabbar, wurin da ka gan ta da wata alama da kowa ya sani, ƙarfe nawa, da inda ta nufa. Idan kana cikin ɗaki ko bene kana hangenta, ka ci gaba da sa mata ido daga nan har su iso, domin sanin inda take shi ne rabin aikin. Kada ka bi ta, kuma kada ka yi shela a lasifikar masallaci da sunan wurin, sai dai a ce kowa ya shiga gida.

Ba gara a kwashe gidan zoo ɗin daga cikin gari ba?

Lokacin da aka gina shi, wajen gari ne. Garin ne ya biyo shi ya kewaye, har yau ga manyan kantuna da filin baje koli da gidaje ta ko'ina. An taɓa yin maganar mayar da shi yankin Tiga a zamanin gwamnatin Ganduje, jama'a kuma suka rabu biyu: masu cewa hayaniya na takura dabbobin kuma hatsari ne ga maƙwabta, da masu cewa filin ake hari, kuma talakan da ke kai ƴaƴansa da kuɗin Adaidaita Sahu ba zai iya zuwa Tiga ba.

A ganina nisa ba shi ne tsaro ba. Manyan birane da yawa na duniya suna da gidan zoo a tsakiyarsu. Abin da ke riƙe dabba shi ne ƙofa biyu a jere da ba a buɗe ɗaya sai an rufe ɗaya, katangar waje mai tsawo da ake dubawa bayan kowane ruwan sama, maganin barci da bai lalace ba tare da wanda ya iya harba shi, da ma'aikatan da aka biya haƙƙinsu suka kuma yi atisaye. A Japan har wani ma'aikaci ake sa wa rigar dabba ya yi kamar ya kuɓuce, sauran su bi shi da raga, ƴan kallo na dariya. Gidan da ba a yin waɗannan, ko a tsakiyar dajin Falgore aka kai shi, ƙauyen da ke kusa ne zai gaji matsalar.

To in fasa kai yara yawon sallah ke nan?

Ba sai ka fasa ba. Hanyar da za ka bi ka je ta fi kejin zakin hatsari. Sai dai ka zaɓi lokaci: da hantsi kafin a cika, ko bayan kwanakin sallah sun wuce. Babba ɗaya kada ya ɗauki yaran da suka fi ƙarfin hannuwansa, kuma a rubuta lambar waya a takarda a sa a aljihun ƙananan. Da kun shiga ka lura da gine-ginen da ke kusa da hanyarku, saboda abin da aka faɗa a amsar waɗanda abin ya rutsa da su a cikin gidan zoo. Kada ka ɗora yaro a kan shingen keji don ya gani da kyau, kada ya miƙa hannu ta cikin waya, kuma idan ka ga samari na tsokanar dabba da kara ko jifa, ka gaya wa ma'aikaci ka ja yaranka zuwa wani ɓangaren.